Wane curin dalma ya dace da bututun bindigarka?

Bara, bayan an ɗauke amfanin gona, wani abokin farautata ya same ni a gida nan Daura da ɗan kwali mai harsashi biyar. Yana da gonar rogo da dankali can kudancin jiha, gaduna sun saka ta a gaba, kuma ya gaji da watsa musu harsashin BB mai ƙananan 'ya'yan dalma suna karkaɗe jiki su wuce. Sai ya je wurin dillali mai lasisi ya ce a ba shi harsashi mai curi ɗaya, wanda ya fi kowanne tsada. Da na juya kwalin na ga an rubuta Sabot, wato curi mai rigar roba, na tambaye shi ko ya leƙa cikin bututun bindigarsa kafin ya biya kuɗi. Ya ce, “Haba Malam, ai araha ba ta ado. Wannan shi ne na manya.” Ban ja da shi ba. Washegari da sassafe muka tafi wani tsohon rami da ake ɗibar ƙasar gini a bayan gari, muka jingina kwalin sabulu a jikin gaɓar ramin, muka auna mita 50. Ya harba uku da Baikal ɗinsa mai baki ɗaya. Ɗaya ko kwalin bai taɓa ba. Biyun da suka samu, ɗaya can sama, ɗaya can kusurwar ƙasa, kuma hudar ba zagayayya ba ce, doguwa ce kamar an danna gyaɗa mai ƙwaya biyu a kwance. Na ciro nawa guda uku, masu arahar da yake rainawa, na miƙa masa. Duka ukun suka taru a wurin da faifai ɗaya zai rufe.

Bindigar lafiyarta lau, hannun mutumin kuma na san shi, ba ya rawa. Harsashin ma mai kyau ne. Matsalar ita ce an zuba shi a bututun da ba don shi aka yi shi ba. Tun ranar nake son in rubuta wannan bayani, domin abin ya wuce asarar kuɗi. Curin da ya tafi yana wuntsilawa a iska, in ya samu dabba sai ya raunata ta ya bar ta ta shige daji ta mutu a wahalce, in kuwa ya kuskure ta, babu wanda ya san inda zai sauka.

Abin farko shi ne ka san cikin bututunka. Karya bindigar, ka tabbatar babu komai a ciki, ka ɗaga ta wajen haske ka leƙa. In ka ga cikin sumul kamar gilashin fitila, to bindigarka irin ta yawancinmu ce. Baikal ɗin Rasha da ake ƙerawa a garin Izhevsk, da 'yan Turkiyya, da tsofaffin bindigogin Ingila da wasu suka gada tun zamanin En'e, kusan duka haka suke, don an yi su ne saboda harsashi mai warwatsi na zabi da fakara da zomo. In kuwa ka ga wasu layuka a tsage suna murɗawa tun daga gindi har baki, wannan shi ne bututu mai murɗi. A bindiga mai lamba 12, layin yakan kammala zagaye ɗaya a cikin kusan santimita 90. Ita lambar kuwa, tsohon lissafin Ingila ne: in aka raba dalma mai nauyin fam ɗaya, wato giram 454, zuwa ƙwallaye 12 daidai wa daida, faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bututun, kimanin milimita 18.5. Lamba 16 milimita 16.8 ce, lamba 20 kuma 15.6. Shi ya sa lamba tana ƙaruwa bututu yana ƙanƙancewa.

Hanya biyu ce kawai abu mai tashi yake bi ya tafi da kansa a gaba ba tare da ya juya ba, kuma duka biyun Bahaushe ya san su tun kafin bindiga ta zo. Ta farko ita ce ta kibiya. Kibiyar maharbanmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi, amma tana tafiya miƙe, domin ƙarfen da ke kai ya fi kyauron da ke baya nauyi, nauyin ne ke jan ragama. Ta biyu ita ce ta mazari. Duk wanda ya taɓa zama kusa da kakarsa tana kaɗi ya ga yadda mazari ke tsayawa cak muddin yana juyawa, da juyin ya mutu sai ya kwanta. Bututu mai sumul ba ya iya juya komai, saboda haka curin da za a saka masa dole ya kasance mai halin kibiya. Bututu mai murɗi shi ne ke ba curi juyin mazari. Duk sauran bayanin da zan yi a kan waɗannan biyun yake zaune.

Masu halin kibiya iri biyu ne manya. Na farko shi ne wanda wani Ba'amurke, Karl Foster, ya ƙirƙiro a 1931. In ka riƙe shi a hannu za ka ga kamar ɗan ƙaramin kofi ne aka kife: kansa cike da dalma, gindinsa rami. Dalmar tasa mai laushi ce. Lokacin da albarushi ya tashi, gefen ramin nan yakan buɗe ya kama jikin bututu, in kuma ya iso bakin da aka matse sai ya lanƙwashe ya wuce. Na lamba 12 da aka fi samu yana da nauyin giram 28, yana fita da gudun da ya kusa mita 480 a daƙiƙa. Akwai wani abu a jikinsa da ke ruɗar mutane ƙwarai. An yi masa 'yan tsage-tsage a karkace, kuma a kwalin sai ka ga an rubuta Rifled Slug, sai mai saye ya ɗauka na bututu mai murɗi ne. Akasin haka ne. Wannan rubutun yana nufin tsagar a jikin curin take, kuma shi ne ainihin na bututu mai sumul. Tsagar ma ba wani juyin kirki take ba shi ba. Babban amfaninta shi ne ta ba dalmar wurin matsewa in ta zo wucewa ta ƙuntataccen baki.

Na biyu ya girme shi. Wilhelm Brenneke, wani maƙerin bindiga na Jamus, shi ya fito da shi a 1898, kuma har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana yin sa. Shi curinsa kusan a cike yake, kansa mai faɗi ne da kaifin gefe, sannan toshin da ke bayansa a manne yake da shi, ba ya rabuwa da shi bayan an harba. Wannan toshi mara nauyi shi ne kyauron kibiyar. Na lamba 12 na asali yana da giram 31.5, ya ɗan fi Foster nauyi, ya kuma ɗan gaza shi gudu. Shi ma yana da haƙarƙari a jiki masu matsewa a bakin bututu.

A nan ne zaɓin gaskiya yake ga mai bindiga irin tamu, kuma dabbar da kake nema ita ce za ta raba gardama. Foster, saboda laushinsa da raminsa, da ya bugi nama sai ya baje kamar an take kwalin ashana, wani lokaci ya farfashe. A jikin dabba mai siririyar fata da ƙaramin ƙashi, irin su gada ko mazo, wannan ya wadatar har ya yi yawa. Amma gadu wani abu ne daban. Ƙaton namiji yana da kaurin fata, da taurin kafaɗa, da ƙoƙon kai kamar turmi, kuma sau da yawa ba ya ba ka gefe sosai, a karkace za ka same shi. Curin da ya baje a kan kafaɗa bai isa huhu ba ya bar maka dabba mai rauni da haure a cikin duhuwa, wadda ko karnukanka ba su tsira daga gare ta ba. Brenneke ba ya saurin bajewa. Yana yanka rami mai faɗin bututu ya zarce ciki, yana fasa ƙashi, sau da yawa ya fita ta ɗaya gefen ya bar jini a ƙasa wanda za a iya bi. Ni dai in gadu ne, Brenneke nake ɗauka, ba na ma tsayawa tunani. In kuwa abin da ke gabana bai wuce gada ba, Foster ya fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi, kuma a gaskiya gada a mita 25 ko harsashin SG mai manyan 'ya'yan dalma ya ishe ta. Abin da Brenneke ya fi shi da shi, wato zarcewa, shi ne kuma abin tsoronsa, domin curin da ya ratsa dabba ya fita yana nan da sauran tafiya a gabansa.

Sai maganar matsin baki, wadda mutane da yawa ba su san bindigarsu tana da shi ba. Ana ɗan ƙuntata ƙarshen bututu don 'ya'yan dalma su tafi a dunƙule su yi nisa. Akwai bakin da ba a matse ba sam, akwai mai matsin kwatan milimita, akwai na rabin milimita, akwai cikakken matsi da ke kai wa kusan milimita ɗaya. A bindigogi da yawa ana nuna shi da taurari ko 'yan tsaga: ɗaya shi ne cikakken matsi, uku matsakaici, huɗu ɗan kaɗan. Baikal mai baki biyu a jere yawanci na dama rabin milimita ne, na hagu milimita ɗaya. Curi ya fi son baki a buɗe ko mai ɗan matsi kaɗan. Foster da Brenneke na dalma an tsara su yadda za su iya wucewa ta matsattsen baki, amma da wuya ka ga sun taru wuri ɗaya a kan kwali, domin matsar tana lalata musu siffa kafin su fita. In bindigarka mai baki biyu ce, fara gwada bakin da ya fi buɗewa. In mai cokin da ake kwancewa ce, wato ɗan guntun bututun matsi da ake ɗaurawa a baki, saka mai tsaga huɗu, kuma kada ka taɓa harbi ba tare da coki a ciki ba, zaren da ke bakin zai lalace. Curin da aka yi da tagulla ko ƙarfe kuwa, wannan sai ka karanta abin da kamfanin ya rubuta a kwali game da matsi, don shi ba ya lanƙwasa kamar dalma.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. Akwai masu buɗe harsashin zabi su zubar da 'ya'yan, su cusa guntun ƙarfe ko ƙwallon boris, su ce sun yi curi. Kawuna, wanda a hannunsa na koyi farauta, ya taɓa kai ni gaida wani tsohon maharbi da hannunsa na hagu ya rage yatsu biyu. Da muka fito ya ce mini, “Ɗana, ka ga wannan? Ƙarfe ya saka wa bindiga, ta mayar masa da shi.” Ƙarfe in ya iso matsattsen baki ba ya matsewa, bututun ne ke tsagewa, kuma hannun hagu ne ke tallafe da bututun. Haka nan bindigar da maƙerin gida ya haɗa da bututun famfo ko sandar sitiyari. Ba a gwada ta da matsin da harsashin kamfani ke haifarwa ba. A ƙa'idar ƙasashen Turai, harsashin 12/70 yana iya kai matsi 740 a ma'aunin matsi da ake kira bar, na 12/76 kuma 1050, kuma bindigar kamfani sai an gwada ta da abin da ya fi haka kafin a buga mata hatimi. Waɗannan lambobi na biyu, 70 da 76, tsawon kwanso ne a milimita bayan an harba ya buɗe. Duba jikin bututunka kusa da gindi, za ka ga an rubuta naka. Harsashi mai 76 zai shige ɗakin harsashi mai 70 lafiya lau tun da a naɗe yake, amma in an harba ba shi da wurin buɗewa, sai matsi ya hau. Tsofaffin bindigogin Ingila ma da yawa 65 ne, ko 70 ɗin bai kamata a saka musu ba.

To shi wancan mai tsadar da abokina ya sayo fa? Shi curi ne siriri, faɗinsa bai wuce milimita 12 zuwa 13 ba a lamba 12, an sa masa rigar roba da ta cike sauran faɗin bututun. Rigar ce ke kama layukan murɗi ta juya, ta juya curin, da sun fita baki sai ta buɗe ta faɗi nan gaba kaɗan, shi kuma ya zarce yana juyi. Nauyinsa ba a kai yake ba, ba shi da wutsiya, juyin nan shi ne kaɗai abin da ke riƙe shi. A bututu mai sumul babu mai juya shi, don haka yana fita sai ya fara tangaɗi, shi ne hudar kwance da muka gani a kwalin sabulu. A bututunsa kuwa, gaskiya abin sha'awa ne. Na kamfanin Hornady da ake kira SST nauyinsa bai kai giram 20 ba, yana fita da gudun kusan mita 610 a daƙiƙa, kuma da yake siriri ne mai tsini, iska ba ta cin ƙarfinsa da sauri. Mai bututu mai murɗi da madubin saiti yana iya tara harbinsa a faɗin tafin hannu a mita 100, ya kuma ɗauki dabba a mita 150 da natsuwa. Foster ba zai yi wannan ba. Kafin ya kai mita 90 ya zubar da fiye da rabin ƙarfinsa, ya fara sunkuyawa ƙasa, iskar hunturu kuma tana kaɗa shi gefe kamar yadda take kaɗa duk wani abu mai faɗin kai. Iyakarsa ta mutunci mita 50 zuwa 70 ce.

Duk da haka ba na ba mutumin Daura ko Katsina shawarar ya bi bututu mai murɗi, sai in yana da wani dalili na musamman. Ya kamata a san abin da ya haifar da shi. A wasu jihohin Amurka masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da yawan gonaki, irin su Ohayo da Ilinoi da Ayowa, a da an daɗe doka tana hana farautar barewarsu da babbar bindiga mai dogon zango, sai da irin tamu. Mafarautan can suka nemi hanyar da za su sa bindigar tsuntsu ta yi aikin mai dogon zango ba tare da sun karya doka ba. Buƙatarsu ce ta haifar da shi. Su mutum ɗaya yana da bindiga irin Remington 870 ko Mossberg 500 da bututu biyu, ya kwance wannan ya ɗaura wancan gwargwadon lokacin farauta. Mu kuwa yawancinmu bindiga ɗaya ce, bututu ɗaya, lasisi ɗaya, kuma a cikin fita goma, tara na zabi da fakara da zomo ne. Bututu mai murɗi yana kashe wannan aikin gaba ɗaya. In ka harba harsashi mai warwatsi a cikinsa, juyin yana watsa 'ya'yan dalmar gefe-gefe su yi zobe, tsakiya ta zama fanko, sai ka saita zabo daidai a mita 20 ya tashi lafiyarsa ƙalau. Ga kuma tsada, domin ko a ƙasashen da ake yin sa mai riga yana ninka Foster kuɗi, a nan kuwa yau ka samu, gobe ka yi wata shida kana cigiya. Bindigar da ka saita da wani iri, in ka canja iri sai ka sake saiti daga farko.

Sannan a tambayi kai, a ina ne za a yi harbin mita 150 ɗin? Inda gadu yake shiga, cikin rogo ne, da bakin fadama, da duhuwar geza da sabara. Wanda ya san aikinsa yana bin iska, ya laɓe, ya same shi a mita 30 ko 40. Dajin Rugu da iyayenmu ke ba da labarin manyan namunsa, can wajen Safana da Batsari, yau ba wurin da mai hankali zai shiga da sunan farauta ba ne, kowa ya san dalili. Wanda zan ce bututu mai murɗi ya yi masa rana shi ne mai tafiya farauta ta halal a wuraren da ke da buɗaɗɗen fili da tudu a baya, wanda yake da wata bindigar ta tsuntsu daban, kuma yake da tabbacin inda zai riƙa samun harsashin. Irin waɗannan ba su da yawa a cikinmu.

In kana da bututu mai murɗin a hannu, kana iya harba Foster a cikinsa, ba zai fashe ba. Sai dai dalmar mai laushi tana gogewa ta cike layukan, bayan 'yan harbi kaɗan saiti ya fara watsewa, kuma kankare ta aiki ne na burushin tagulla da haƙuri. Wasu nau'o'in Brenneke an rubuta a kwalinsu cewa sun dace da bututu iri biyun, waɗannan sun fi. Akwai kuma hanyar tsakiya, wato coki mai murɗi da ake ɗaurawa a bakin bututu mai sumul. Dabarar tsohuwa ce. Wani hafsan sojan Ingila, George Fosbery, ya yi rajistarta a 1885, kamfanin Holland & Holland na Landan ya fara sayar da ita a 1886 da sunan Paradox: bututu sumul, sai ɗan ƙarshensa kawai aka yi wa murɗi. Cokin zamani yana ɗan gyara taruwar harbi, musamman da curi mai nauyi mara gudu sosai, amma murɗin 'yan santimita ba zai kama curi mai riga mai tsananin gudu kamar yadda cikakken bututu ke yi ba. Kuma sai bindigar da aka yi wa zaren coki tun daga kamfani. Kada a kai wa mai walda ko mai juya ƙarfe ya ƙirƙira.

Kowane ka zaɓa, kada ka kai shi daji kafin ka kai shi gaban kwali. Bindigogi biyu 'yan kamfani ɗaya, masu lamba ɗaya, sai ka ga wannan tana son Brenneke, waccan tana watsa shi. Sami wuri mai gaɓa ko tudun yashi a baya, auna mita 50, kusan taku 65 na babban mutum ke nan, ka zauna ka ɗora bindigar a kan buhun yashi ko ƙaiƙayi. Harba uku a wuri ɗaya ba tare da ka gyara saiti ba, sannan ka je ka duba abu uku: shin hudar zagayayya ce, shin sun taru, kuma ina suka taru in aka kwatanta da inda ka nufa. Bindigar tsuntsu ɗigon saiti ɗaya gare ta a baki, ba ta da na baya, idonka ne na bayan, don haka in kuncinka bai zauna wuri ɗaya a kan ƙota ba kowane harbi, curin ma ba zai zauna ba. Da yawansu suna kai curi sama da inda aka nufa. Mai baki biyu kuma tana da nata hali: an haɗa bututun biyu ne yadda warwatsinsu zai gamu a wani nisa, ba don curi ba, sai ka ga na dama ya kai hagu, na hagu ya kai dama, tazarar taƙi guda ko fiye. Gwada kowane baki shi kaɗai, ka riƙe wanda ya fi gaskiya. Nisan da za ka iya saka uku cikin uku a faɗin faifai, wannan shi ne iyakarka, ko da kwalin harsashin ya ce mita 100.

Shurin ma a yi lissafinsa. Baikal mai baki ɗaya ba ta kai kilo uku ba, kuma curin giram 28 a cikinta yana dukan kafaɗa sosai. Wanda ya ji jiki sau biyu sai ya fara runtse ido yana fizgar kunama tun kafin harbi ya tashi, daga nan saiti ya tafi. Saboda haka ban ga amfanin 12/76 ga yawancin mutane ba. Ɗan ƙarin ƙarfin da yake bayarwa gadu ba zai san bambancinsa ba a mita 40, kafaɗarka kuwa za ta sani. Mai lamba 16 ko 20 kada ya raina tasa, Brenneke ɗinsu yana aiki a wannan nisan, matsalarsu dai samun harsashin ne.

Ƙasarmu ta Daura shimfiɗaɗɗiya ce, kuma da an yi girbi an kwashe kara, daga nan kana hango kukar da ke wani ƙauyen. 'Ya'yan dalmar zabi suna mutuwa a ɗan nisa kaɗan, amma curi in an ɗaga baki yana iya dosar kilomita guda, kuma in ya bugi fako ko marmara ko ruwa a kwance yana tashi ya canja hanya. A bayan kowace duhuwa akwai yiwuwar ɗan Fulani da shanunsa, ko mata masu itace, ko yaro a kan jaki. Shi ya sa ba na harba curi sai ina ganin ƙasar da za ta tare shi a bayan dabbar, ba na harba shi sama ko kan bishiya, kuma ba na yarda a ɗauke shi a farautar gayya inda mutane da karnuka ke warwatse ta ko'ina. Dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin irin wannan bindiga a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma harsashi ma sai mai lasisin bindigar da ya dace da ita zai riƙe shi. Dokar 1985 ta kare dabbobin da ke shirin ƙarewa ta haɗa da wasu nau'o'in barewa, waɗanda dama sun kusa zama labari a wajenmu. In dabbar ta ci ce, ka ambaci sunan Allah kafin ka saki, in ka same ta da rai ka yanka, sannan ka yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi ka zubar, musamman in Foster ne, don yana barin ɓurɓushin dalma a ciki. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa yara sama da 400 a 2010 saboda gubar dalma daga dutsen zinariya, kuma jikin yaro ba ya bambanta ta dutse da ta harsashi.

Abokin nawa ya mayar wa dillalin sauran biyun da suka rage, ya karɓo Brenneke 12/70. Muka koma ramin nan muka gwada, bindigarsa tana kai shi sama da kusan faɗin yatsu huɗu a mita 50, ya riƙe wannan a ransa. Da sanyi ya shigo ya kira ni daga gona, ya ce ya samu ƙaton a bakin rogo da hantsi, taku 45, akwai jigawa a bayansa, harbi ɗaya a bayan kafaɗa, bai yi taku goma ba ya faɗi.